Zaren da Ya Shiga Gidan Alhaji Dalhatu

Liman yana raka'a ta biyu ta sallar Juma'a aka ji ƙarar. Guda ɗaya, mai nauyi, irin wadda ƙirji yake ji kafin kunne. Babu wanda ya yanke salla. Sai da aka sallame aka jiyo kururuwar mata daga lungun bayan gidan Alhaji Dalhatu.

Lungun matsattse ne, babur biyu ba sa wucewa tare. A nan aka tarar da Mujahid, ɗan Alhaji Dalhatu na fari, kwance rigingine a bakin kwata. Farar shaddarsa ta rine daga mara zuwa gwiwa. Wata siririyar wuƙa tana yashe kusa da hannunsa. Kansa yana bisa cinyar Kailani, bakaniken babur da shagonsa yake bakin lungun. Jini har gwiwar hannun Kailani.

Ba a tambaye shi komai ba. Gorar farko a ƙeya ta same shi. Ta biyu ta fasa masa gira. Gwadabe, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya take masa hannun dama a kan dakali, wani ya ɗaga bulo ya sauke. An ji ƙarar ƙashin. Kailani bai yi ihu ba sai da aka zura masa taya a wuya.

Mai Unguwa Zulkiflu ne ya ratsa taron, tsoho mai ciwon gwiwa. Ya faɗa kan Kailani ya lulluɓe shi da babbar rigarsa.

"Ku zuba fetur ɗin," in ji shi. "Ku haɗa da ni."

Da haka aka ja Kailani zuwa zauren mai unguwa, aka kulle shi a ɗakin ajiya. 'Yan sanda uku suka zo suka tsaya a ƙofa. A waje samari sun fi ɗari.

Gwadabe ya leƙo zauren, gorarsa a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, mun ga girmanka. Alhaji ya ce bayan La'asar za a yi sutura. Muna dawowa daga maƙabarta, ko ka buɗe ƙofar nan, ko mu cire ta."

Mai unguwa ya aika babur Tudun Jukun, a ɗauko masa Muntaka.

*

Shekara talatin Muntaka ya yi yana bin sawun shanun sata a dazukan yamma da Zariya. Ya dawo da mataccen kunne guda da tabon harsashi a ƙwauri. Yanzu itacen girki yake sayarwa. Ba ya son surutu, ba ya son a tsaya masa a baya.

Aka buɗe masa ɗakin ajiya. Kailani yana jingine da buhun masara, dogo ne ƙwarai, ƙafafunsa har sun tokari bango. Ido ɗaya ya rufe. Hannun dama ya kumbura, yatsun suna kallon inda bai kamata ba.

"Kai ka harbe shi?"

"A'a, Baba."

"Me ya hana ka zuwa masallaci?"

"Wani inji na buɗe, na ce in rufe shi kada yashi ya shiga. Ina wanke hannu na ji ƙarar. Na ruga, na gan shi a ƙasa. Na danne wurin da rigata. Jinin ya ƙi tsayawa."

"Ya yi magana?"

"Babansa ya kira. Sau biyu. Shi ke nan."

"An ce ranar Laraba kun yi faɗa."

Kailani ya kalli hannunsa, Muntaka ya ci gaba.

"An ce ka ce za ka karya shi."

"Na faɗa."

"A kan me?"

"Ragunan Alhaji ne suke ɓata. Juma'a uku, rago uku, duk ana masallaci. Alhaji ya tsaya a ƙofar shagona ya ce ni ne, gaban masu kawo gyara. Laraba Mujahid ya zo shi ma yana zagi."

"Sai ka ce za ka karya shi."

"Eh."

"Akwai saura."

Kailani ya tofar da jini a gefe.

"Baba, shekara huɗu na yi a gidan yari. Na sari mutum da adda, kowa ya sani, ni ma ban musa ba. Shi kuma shekarar ƙarshe yake a karatun haɗa magani. In na buɗe baki a kansa, wa zai ji? Ga shi ya mutu. Bar shi kawai."

Muntaka ya dube shi na ɗan lokaci. Ya fita.

A zaure Saratu matar Kailani ta tare shi, goyo a bayanta, mayafinta a yage.

"Baba, shekara shida ke nan da fitowarsa. Ko kaza bai iya yankawa yanzu, sai ya kai wa maƙwabta. Don Allah."

"Koma gida ki rufe ƙofa," in ji Muntaka. "Kada ki buɗe wa kowa."

*

Lungun ya zama kasuwa. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, da a ce an bar ta da ta faɗi komai. Amma ƙafa ɗari biyu sun bi ta kai. Muntaka ya tsaya yana kallon caɓin, ya yi tsaki.

"Ko garken shanu ya fi ku hankali. Ku ja baya."

Suka ja kaɗan. Bakinsu bai ja ba.

"Ai Baba ba sai ka wahala ba," in ji wani tela mai shago a kan titi. "Tun yaron nan yana shekara goma mun san inda hanyarsa ta nufa. Daga satar mangwaro sai wiwi, daga wiwi sai adda. Yau kuma bindiga. Miƙaƙƙen layi ne."

"Shi kuwa marigayi," in ji wani, "kullum sama yake yi. Da yanzu baɗi ya buɗe kyamis."

"Daga ina aka yi harbin?" Muntaka ya tambaya.

Hannaye suka nuna bakin lungu, shagon Kailani. Taku ashirin daga inda jinin yake.

"Wa ya gani?"

Babu wanda ya gani.

Ya tsuguna a wurin jinin. Ta hagu katangar Alhaji Dalhatu ce, ta bulo, da wata ƙaramar ƙofar langalanga a rufe. Ta dama katangar maƙwabci ce, ta ƙasa, ruwan safe ya jiƙa ta. Ya ɗauki wuƙar ya juya. Ta kicin ce, siririya, babu jini a jikinta. Bakinta ya ɗan lanƙwashe, akwai tsatsa a kai.

"Da ita ya kare kansa," in ji telan. "Allah sarki."

Muntaka ya taɓa ƙofar langalangar. A sakale take ta ciki.

"Ina ta shiga?"

"Garken ragunan Alhaji."

Ya tashi.

"Bindiga nawa ce a unguwar nan?"

Aka dubi Gwadabe.

*

Ta 'yan sintiri guda ce, bindigar toka, a rataye a ɗakinsu na kwano. Gwadabe ya sauko da ita yana huci.

"Wato ni ake zargi? Ni da na ɗauki yaron nan a kafaɗa yana ƙarami?"

"Ina kake da aka yi harbin?"

"Sahu na uku. Tambayi kowa."

"Yaranka fa?"

"Baba, ka bar ɓarawo a ɗaki kana shinshina mu?"

Muntaka ya karɓi bindigar ya kai hancinsa bakinta. Ya zura ɗan yatsa. Busasshiyar ƙasa ta zubo, da wata farar tsutsa. Zanzaro ya yi gida a ciki.

"Wannan ta fi wata shida ba ta yi tari ba. Da ita kuke tsaron unguwa?"

Wani a baya ya yi dariya, ya haɗiye. Gwadabe ya fizge bindigar.

"Dariya ce ta kawo ka? La'asar ta kusa. In ka gama wasanka ka same mu a maƙabarta."

A ƙofar ɗakin Muntaka ya ga jarka mai lita huɗu. Bai buɗe ba. Warin ya isa.

*

Malam Abdulƙarim ne ya wanke gawar, shi yake wankan mazan unguwa shekara da shekaru. Muntaka ya same shi a soron gidan Alhaji yana wanke hannu da sabulu, idonsa ja.

"Malam, ta ina ta shiga?"

"Ka san ba a tambayar mai wanka. Abin da ya gani amana ne, da shi za a binne shi."

"Ban tambayi aibin gawa ba. Rami nake tambaya."

"Duk ɗaya ne a wurina."

"Akwai mai rai a ɗakin mai unguwa. An sayi fetur ɗinsa. Shi wa zai wanke shi, in sun gama? Me za ka samu ka wanke?"

Malam Abdulƙarim ya daɗe yana kallon kumfar hannunsa. Ya ɗora ɗan yatsa a kan mararsa, ƙasa da cibiya. Sannan ya zagaya da hannun baya, ya taɓa tsakiyar gadon bayansa, sama da ƙugu sosai.

Daga ƙasa ta shiga, ta fita ta sama.

Ya ciro wani ƙullin leda daga aljihu ya miƙa. Ƙananan ƙarafa uku, mulmulallu, masu sheƙi.

"Waɗannan a cikin riga na same su. Ba a jiki ba. Don haka ba amana ba ne."

Boris ne, na ƙafar babur. Wani saurayi da ke tsaye a bakin soro ya gani. Kafin Muntaka ya rufe hannu ya fita da gudu.

"Boris! Da boris aka harbe shi! Na shagon Kailani!"

Ihun da ya tashi a titi ya sa tattabarun unguwa suka watse sama. Aka fara jifan ƙofar mai unguwa.

*

Alhaji Dalhatu yana zaune a tabarma a ƙofar gida, mutane suna ta zuwa gaisuwa. Gajere ne, kakkaura, farin gemu. Tsohon malamin daji ne, ya yi ritaya. Sun san juna da Muntaka tun a daji. Yana amsa ta'aziyya ba ya ɗaga kai. Carbin hannunsa ba ya motsi.

"Alhaji, Allah ya jiƙansa. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin, Muntaka. Na gode."

"Yaron a nan yake kwana?"

"A'a. Ɗaki ya kama kusa da makaranta. Sai ya ga dama yake leƙo mu."

"Ka san zai zo yau?"

"Ban sani ba."

"Wa ke cikin gida lokacin salla?"

"Babu kowa. Na tura su bikin suna a Hanwa tun safe."

"Duka?"

"Duka."

"Ƙofar garke fa?"

"A sakale take tun jiya. Ni na saka da hannuna."

"Zan iya ganin garken?"

Alhaji ya ɗago a karo na farko.

"Mata sun cika gidan. Uwarsa ta suma sau biyu. Ka bar ni in binne ɗana, Muntaka."

"Kailani fa? Za su ƙone shi."

Alhaji ya damƙe carbinsa. Ya mayar da kai ƙasa.

"Ni ban sa kowa ba."

Aka kira sallar La'asar.

*

Muntaka ya yi sallarsa a gefen titi, gajerun surori. Ya tsaya wurin mai tsire a bakin hanya ya ɗebi tsinke cike da hannu. Ya shiga shagon telan nan ya ɗauki ƙwaryar farin zare, bai tambaya ba.

Lungun babu kowa yanzu, duk suna masallaci. Ya bar ƙasa, tunda ƙasa ta lalace. Ya koma katangar maƙwabci, ta ƙasa, yana shafa ta da tafin hannu kamar mai neman ƙurji a jikin saniya. Daidai ƙirjinsa ya ji na farko. Ɗan rami, bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Ya sami na biyu. Ya sami bakwai, a tattare, faɗinsu bai wuce faifai ba.

Bai tono boris ɗin ba. Ya ɗauki tsinke ya zura a ramin farko a hankali, ya bar ramin ya ja shi yadda yake so. Ya sake shi. Ya zura na biyu. Har bakwai.

Ya ja baya ya duba. Ya daɗe a tsaye.

Sannan ya tafi ƙofar gidan Alhaji. An fito da makara, an ajiye, ana daidaita sahu. Ya ratsa ya tsaya tsakanin liman da gawa.

"A dakata."

Hayaniya ta tashi. Wani ya finciki rigarsa. Gwadabe ya taso da gora.

"Ranka ya daɗe," Muntaka ya ce da mai unguwa, "a kawo Kailani lungu. A zo da Alhaji, da Gwadabe, da liman. Minti goma. In na yi ƙarya, ni zan ƙyasta musu ashanar."

*

'Yan sanda biyu suka riƙo Kailani, na uku yana gaba yana buɗe hanya. Duk da haka wani dutse ya same shi a kafaɗa, wani ya fasa masa leɓe. Lungun ya cika, har kan katanga mutane.

Muntaka ya nuna tsinkayen.

"Gwadabe, kai ne mai ido biyu da kunne biyu. Ina suke kallo?"

Gwadabe ya duba. Tsinkaye bakwai a jere a jikin katanga, dukkansu sun sunkuyar da kai wuri guda.

"Ƙasa."

"Ƙasa ta ina? Ta shagon Kailani?"

Gwadabe ya waiwaya bakin lungu. Ya dawo da ido.

"A'a. Ƙofar nan."

"Da daga shagonsa aka harba, boris zai gogi katangar nan ne ya wuce, ya bar zane. Waɗannan kai tsaye suka shiga, suna hawa sama. Harsashi ba ya shan kwana. Inda ya shiga, in ka bi shi da baya, zai kai ka inda ya fito."

Ya ɗaura zaren a tsinken tsakiya. Ya ja shi yadda tsinken ya nuna, yana gangarowa, ya tsallake kwata, ya wuce kan jinin, har ya taɓa ƙofar langalanga.

"Malam liman, duba ƙofar nan. Huji nawa ka gani?"

Liman ya sunkuya.

"Babu ko ɗaya."

"To a buɗe take lokacin da aka yi harbin. Bindigar kuma tana ciki. Alhaji, ka ce a sakale take tun jiya."



Muntaka ya ciro siririyar wuƙar nan. Ya zura ta tsakanin ƙofa da bango, ya ɗaga. Sakatar ta faɗi. Lanƙwasar bakin wuƙar ta zauna daidai, kamar don wurin aka ƙera ta. Ƙofar ta buɗo waje, da ya sake ta sai ta koma da kanta ta rufe. Ya sa dutse ya tokare.

"Ba faɗa ya yi da ita ba. Mabuɗinsa ce. Ɗan gida kaɗai ya san sakatar nan tana ɗaguwa."

Wani ya yi salati a kan katanga.

Muntaka ya shiga da zaren. Raguna huɗu suka takure a kusurwa. Garken duk kashi ne da dusa, sai wuri guda da aka share fes, taku huɗu daga ƙofa. Zaren ya sauka a tsakiyar sharar. Ya kau da ƙasar da gefen hannu. Ramuka biyu na turaku, an cike su da sabuwar ƙasa. A gabansu ƙasa ta yi baƙi. Ya dangwala ya miƙa wa Gwadabe a hanci.

"Albarushi," in ji Gwadabe, muryarsa ta sauka.

A jikin ƙofar ta ciki akwai sabuwar ƙusa, da guntun igiya da aka yanke da gaggawa.

"Babu wanda ya riƙe bindigar nan," in ji Muntaka. "Ɗana ta aka yi kamar tarko. A kafa turaku biyu, a ɗaure ta, a ja igiya daga kunamar bindigar zuwa ƙofa. Mai buɗewa shi ya harbi kansa. Mai ita yana iya zama a sahun farko. Manoman daji suke yi wa gadu, aladen daji, haka in ya dame su a gona. A garin nan mutum biyu na sani da suka iya. Ni, da wanda ya yi shekara ashirin yana kama masu yi."

Idanu suka koma kan Alhaji Dalhatu.

"Ku kawo Kailani. Ku tsayar da shi a bakin ƙofa."

Aka tsayar da shi inda mai buɗewa zai tsaya. Muntaka ya ja zaren ya miƙe. Ya gogi Kailani a cinya.

"Da tsayinsa aka auna. Marigayi kuwa tsayin ubansa ya ɗauko."

Alhaji Dalhatu ya zame jikin katanga har ƙasa. Hularsa ta faɗa kwata.

"Ƙafa na auna," ya ce. "Wallahi ƙafa na auna. Na ce in ya rasa ƙafa zai bar mutane su huta. Sau uku na gwada da sanda, na yi alama. Na kwashe kowa daga gidan. Shi ne kawai ban gaya wa ba, ai ba ya nan. Ba ya nan, Muntaka. Karatu yake."

"Ina bindigar?"

"Rijiya."

"Ka shigo ta gaba ka cire ta, ka yi shara, ka saka sakata. Lokacin nan ana fasa hannun Kailani a bayan katangarka. Kana ji."

"Ina ji."

Kailani ya yi magana, kalmomin suna fita da jini.

"Juma'ar da ta wuce na gan shi da ragon. Wasu abokansa suna jira da mota, irin masu shan kwalbar maganin tari. Na ce ya bari, ko in karya shi. Abin da ya kawo faɗan ke nan. Da na gaya maka, Alhaji."

"Da ban yarda ba," in ji Alhaji.

Sai taron ya motsa. Waɗanda suka ɗauko duwatsu saboda Kailani ba su yar ba. Na farko ya daki langalanga. Na biyu ya sami Alhaji a goshi, fatar ta buɗe, jini ya rufe masa ido. Bai kare ba. Wani ya diro daga katanga da adda. Gwadabe ya tare shi da gora a wuyan hannu, addar ta faɗi, ya ƙara masa a haƙarƙari.

"Duk wanda ya matso sai na kwantar da shi! Ya isa! Ya isa haka!"

'Yan sanda suka ɗaga Alhaji suka shige da shi ta garke, aka saka sakata.

Telan nan yana tsaye kusa da tsinkayen, bakinsa a buɗe.

"To wa zai ce? Yaro kamar Mujahid. Shi kuma wannan, duk abin da ya yi a baya."

"Ungo zarenka," in ji Muntaka. "Da ƙarfe yake aiki. Kada ka ƙara auna mutum da shi."

*

Makarar tana nan inda aka bar ta, rana ta yi sanyi. Alhaji ya roƙi a bar shi ya sallaci ɗansa. Aka fito da shi da ankwa, an ɗaure masa goshi da ƙyalle, ɗan sanda a kowane gefe. Ya tsaya a ƙarshen sahu.

Mai unguwa ya samo Keke Napep da za ta kai Kailani asibiti. Saratu ta riga ta shiga, tana kuka ba sauti. Kailani ya ƙi hawa.

"A hannuna ya cika. Zan yi masa salla."

"Hannunka fa?"

"Ba zai ƙara karyewa ba."

Ya tsuguna a bakin kwata. Aka ajiye masa buta. Ya kai hannun hagu ya ɗaga ta, ya rasa da wanda zai tari ruwan. Ya ajiye. Ya sake ɗagawa. Mutum fiye da ɗari suna tsaye suna kallon ƙasa.

Gwadabe ya jingine gorarsa. Ya zo ya tsuguna a gabansa, ya ɗauki butar.

"Kawo in zuba maka."

Kailani ya dube shi da idon da ya rage.

"Ba kai ba."

Gwadabe ya daɗe riƙe da butar. Sannan ya ajiye ta a hankali, ya tashi, ya koma baya.

Muntaka ya ɗauka. Ya zuba a tafin hagu. Kailani ya kurkure baki, ya tofar, ruwan ja. Ya sake, ja. A na uku ma bai washe ba. Liman ya jira har suka gama.